Ramukan Eduvina

Likitan Castro ya ce wata uku, huɗu in an yi sa'a.
Kakata Eduvina ta ninke takardarsa,
ta tokare ƙafar teburin da ke rawa.
Daren nan ba ta yi kuka ba,
baƙi take ƙirgawa da yatsu.

"Yabon da ba zan ji ba, me zai tsinana mini?
Mai faɗin alherina ya faɗa kunnena na nan.
In ya yi ƙari, in gyara masa."

Ranar Asabar Belarmino ya zo da shebur,
ya haƙa rami inda ake hango teku.
Ta leƙa ta ce, "Ƙara faɗi, na abinci ne.
Nawa ba ya buƙatar yalwa."
Muka yi dariya, irin mai tsayawa a maƙogwaro.

Aka gasa duwatsu har suka yi ja,
aka jera katantanwar teku, kaji, dankali,
aka lulluɓe da manyan ganyaye, aka bi da ƙasa.
Tururi na tsiyayowa ta gefe,
duk tsibirin Chiloé kamar ya ji ƙamshi.

Orfelina ta zo a ƙarshe, ta tsaya bakin shinge.
Shekara goma sha tara ba su gaisa ba
a kan tunkiya guda da ta ci kabeji.
Kaka ta aika mata kujera, da kuɗin kabejin a ƙulle.
Orfelina ta ƙirga, ta ce bai cika ba,
sannan ta zauna, ta riƙe hannunta har magariba.

Kawu Heriberto ya tashi zai yi jawabi,
murya ta ƙi.
Ta miƙa masa wuƙa: "To fere dankali."

Da mutane suka watse ta kira ni ɗaki.
Tsofaffin safa bakwai, kowace da irinta a ciki:
baƙi, ja, mai zane, mai lanƙwasa kamar ƙaho.
"Uwata ta ba ni, ita ma ba ta san mafari ba.
Gida zai ruɓe, kwale-kwale zai ruɓe.
Ko yunwa ta kai ki bango, kada ki ci iri."

Ta yi wata bakwai.
Kunya ta riƙa ji in ta haɗu da maƙwabta:
"Na ci bankwana, ga ni ina yawo."

Rami na biyu cikin ruwan Yuni aka haƙa.
Ba jawabi, an riga an faɗi komai.
Orfelina ce ta fi daɗewa a tsaye.

Yau ni ke haƙa, ƙanana, taki ɗaya tsakani,
ina binne abin da ke cikin safa ta fari.
Ƙasa ta yi sanyi, ta shige mini farce.
A ɗaki takardar likita na nan inda take,
tebur bai ƙara rawa ba.