Takardar Cikin Gwangwani

A Limon, da muka dawo daga binne kakata Adina,
na jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gadonta.
Allura, maɓallai, haƙorin wani yaro,
sai takarda guda mai hoton jirgin ruwa:
hannun jari, dala biyar,
sunanta da tawadar da ta koɗe.

Dala biyar!
Wankin sati nawa ke nan
na rigunan manyan kamfanin ayaba,
soda na cin yatsunta har jini?
Ta ƙulle su a bakin gyale ta kai zauren taro,
don wani mai jawabi daga tsibiri ya ce
baƙin mutum ma ya isa ya mallaki jirgi.

Jirgin ya ruɓe a tashar da ba ta taɓa gani ba.
Shekara arba'in kakana Cleveland na yi mata tsiya:
"Hajjaju mai jirgi, yau zai iso?"
Ita dai sai ta ƙara wa dutsen guga gawayi.

Amma a zauren nan matan suka fara adashi.
Kwasar farko, keken ɗinki.
Ta uku, tandar burodin kwakwa.
Ta tara ce ta kai uwata koyon ungozoma.
Guntun gatarinka, takan ce,
ba ta ƙarasawa.

Na liƙa takardar a shagona, saman sikeli.
Jiya ɗan maƙwabta ya ɗaga kai:
"Ina jirgin nan ya je?"
Na ce, miƙo kuɗinka,
burodin na hucewa.