Kuɗin Fito

Wuta ta ɗauke a Kusiri tun la'asar.
Na kwaso takardu zuwa gindin fitilar asibiti,
wadda ke shan rana yini guda
ta amayo ta da dare.
Ƙwari sun riga ni kama wuri.

Tambaya ta uku, da karkataccen rubutun Mushe Abakar:
haske ya faɗa kan sodiyom,
tsawon zangonsa nanomita ɗari huɗu.
Shin ilektiron zai fita?
In ya fita, da me ya fita?

Na rubuta lambar nan mai kunya,
shida da 'yan kai,
wadda sifili talatin da uku ke yi wa sahu
kafin ta leƙo.
Na ninka da gudun haske, na raba da zango.
Abin da ya fito
ya isa ya ƙafar da Logon har yashi,
kifi su hau tudu suna tambayar laifinsu.
Ashe ɗan layin ragi na mance a saman goma,
layin da bai kai ƙafar sauro ba.

Na goge har takarda ta huje.
Na sake.
Uku da ɗigo ɗaya: guzurin foton guda ke nan.
Ƙarfe kuma ya ce kuɗin ƙofarsa
biyu da ɗigo uku,
ba ragi, ba a dawo gobe.

Nan Baba ya iso, filafili a kafaɗa,
wandonsa a naɗe, yana warin kogi.
Ya ce, Gajiya, me kike ta faɗa da shi ke kaɗai?

Na ce, Baba, fito ne irin naka.
Haske ba malala yake yi kamar ruwa ba,
ɗaiɗai yake zuwa, kowa da kuɗinsa a dunƙule.
Wanda nasa ya kai, ya ƙetarar da mutum guda,
canjin da ya rage shi ne gudun da zai yi a ƙetare.
Jan haske kuwa ɗaya da ɗigo takwas gare shi.
Ko dubu suka taru a gaɓa,
ko sun cika kasuwa har bakin gada,
ba mai haye.

Ya ce, su yi karo-karo mana.
Na ce, ba a karɓa.
Ya ce, bashi fa?
Na ce, babu.

Ya yi shiru yana kallon fitila.
Can ya ce, dala arba'in ne fito a wurina,
amma jiya na ɗauki wata tsohuwa da dala tara
da busasshiyar kuɓewa a ƙulli.
Wannan ƙarfe naku ba shi da imani.

Na ce, shi ya sa lissafinsa ke fita daidai.
Ya ce, shi ya sa nawa ba ya fita.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ajiye mini soyayyen kifi a takardar siminti,
ya wuce, ƙafafunsa na barin tambarin laka.

Uku da ɗigo ɗaya, a cire biyu da ɗigo uku:
sifili da ɗigo takwas.
Na ja layi biyu a ƙarƙashi
yadda Mushe ke so, in ba haka ba ya zabge maki.
Mai ya ɗiga a kan amsar,
takarda ta yi shara-shara, ana hango fitila ta ciki.

Can ƙetare fitilun Injamena na kaɗawa a ruwa,
ja da fari da wani shuɗi-shuɗi.
Saura kwana goma sha tara jarrabawa.
Ban san nawa ne kuɗin ƙofarta ba,
ban san abin da na dunƙula zai kai ba.

Tambaya ta huɗu: an canza ƙarfe, an sa tutiya.
Na lashe yatsa, na juya shafi.