Guga Sai Ya Sauka

Ni ne Arzika, masinja a ma'aikatar ruwa.
Matakala talatin da biyu ke tsakanin ƙasa da ofishin darakta,
gwiwoyina suka ƙirga, ba ni ba.

Shekara goma sha tara ina hawa da fayil
ina saukowa da jan biro.
Magana kan gangaro kamar ruwan indararo,
ban taɓa ganin ta koma sama ba.

Akwai akwatin shawara a bakin ƙofa,
kore, da kwaɗo mai tsatsa.
Makullinsa ya bi wani akawu ritaya zuwa Gwadabawa.
Ran da aka fasa shi
gidan zanzaro muka tarar,
da takarda guda da gara ta ci rabi:
"Ranka ya daɗe, famfon Mabera..."
Sauran yana cikin gara.

Sai aka kawo Hajiya Ige.
Cikin bazara ne, ba wuta, fanka ta yi tsit,
ta sa aka fitar da benci ƙarƙashin dogon yaro.
Ta ce, "Wata uku kuna jin nawa.
To ni, ina nake kuskure?"

Shiru.
Har kurciyar kan katanga ta ji kunyarmu.
Kowa ya sami abin kallo a takalminsa.

Modi mai gyaran injin ne ya yi gyaran murya,
hannunsa baƙi da gires.
"Hajiya, bututun da kika sayo ba ya shiga namu.
Da an tambaye ni, da na faɗi.
Kuma taron ƙarfe biyu yana cinye mana azahar."

Na ce a raina, Modi ya tafi Illela.
An sha tura mutum bakin iyaka kan abin da bai kai wannan ba.

Ta buɗe littafi, ta rubuta.
Wallahi da shuɗin biro.
Sannan ta ɗago: "Na karɓa.
Kai kuma rahotonka na Gwiwa sati biyar bai zo ba."
Modi ya sosa ƙeya, ya ce, "Haka ne."
Ba wanda ya mutu.

Ba zan ce komai ya gyaru ba.
Mataimakinta har yau yana tsuke fuska ranar Laraba,
wasu kuma sun mai da bencin dandalin ƙorafin alawus.
Amma an mayar da bututun,
Mabera ta sha ruwa kafin azumi.

Ni ɗan masu rijiya ne, na sani tun ina yaro:
guga ba ya hawowa da ruwa
sai ya yarda ya sauka.

Larabar da ta wuce ta juyo kaina,
"Kai fa, Baba?"
Na daɗe ina juya hula a hannu.
Na ce, "Sunana Arzika.
Shekara goma sha tara ana kirana Kai."

Ta rubuta wannan ma.