Gardama a Rumfar Asta

A Lagdo, a rumfar Asta mai banda,
inda hayaƙi ya rina kwanon rufi ya koma baƙi,
gardama ta kaure bayan la'asar.

Tanimu direba ya ce giwan ruwa,
ya bugi benci har shayinsa ya zube:
tsoka fara sol kamar sabuwar auduga,
ƙashi ɗaya a tsakiya, ka ci ido rufe.

Hamajam ya ce tatsuniya.
Shi karfasa ya sani,
wadda aka tsaga wa gefe sau uku,
aka cusa mata citta da yaji,
ta kwanta kan garwashi har fatarta ta kumbura ta fashe,
ka matse lemon tsami, ka jawo dafaffen rogo.

Asta ba ta ko ɗago ba.
Tarwaɗa take juyawa,
an haɗa mata baki da wutsiya kamar gammo.
Ta ce, "Ku bar ta ta kwana uku a hayaƙi,
ta faɗa miyar yakuwa,
sannan ku zo mu yi magana."

Wani baƙo ya sako zancen kawa,
yadda matan garinsu ke lalubo ta da ƙafa a yashi,
a tafasa har ta buɗe baki da kanta.
Aka yi masa caa:
wa zai ci abin da ke kulle kansa a ɗaki?
Ƙaguwa kuwa, aka ce wahalarta ta fi namanta.

Sai suka juyo kaina:
"Kai ɗan masunta, raba mu."

Ubana Barau shekara talatin yana jan taru.
Giwan ruwa mun sha kama ta.
Wata ta fi ni tsawo, ina ɗan sha ɗaya,
ƙarti huɗu suka ciccibo ta daga jirgi.
Na sa yatsa na taɓa idonta.
Kafin hantsi an binne ta a ƙanƙara,
mota ta yi Garwa da ita,
gidan masu ci da cokali mai yatsu.
Jaka bakwai aka ƙirga masa a tafi,
biyar suka wuce bashin zare.
Ni ko ƙashinta ban tsotsa ba.

Abin da ya rage a gindin jirgi shi ne namu:
kurungu,
mai gurnani, mai ƙaya uku kamar masu,
wanda dillalai ke turewa da ƙafa.
Inna Ladidi ta karye ƙayoyin da bakin wuƙa,
tukunyar ƙasa, daddawa, tsamiya, barkono biyu.
Babu mai a gidan. Shi ke zuwa da nasa,
ya taso saman romo, rawaya, ido-ido.
Baba ya tsamo kan, ya fasa da turmin haƙori,
ya miƙo min ƙwan a kan yatsa,
yatsan nan mai tabo kan tabo.
"Ci a hankali," in ji shi,
"kifin talaka da makami yake kwana."

Na ci giwan ruwa daga baya,
a walimar wani ɗan kwastan a Marwa.
Da daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba.
Na tauna, na haɗiye,
na zauna ina jiran wani abu da bai zo ba.

Na ce, "Kurungu."

Dariya har Tanimu ya ƙware.
Hamajam ya ce yunwa ce ta yi min miya.
Wataƙila.

Asta dai ba ta yi dariya ba.
Ta ɗaga wani faifai can bayan murhu,
ga su guda huɗu, baƙaƙe, ta ɓoye wa kanta.
Ta turo min ɗaya.
"Dala arba'in. Kuma ban rage ba."

Na biya. Na ɓare.
Ƙaya ta soke ni a babban yatsa,
daidai inda take sokan Baba.