Harsashi Hamsin

A Montana, bayan rumbun ciyawa,
akwai ɗakin da babana, Leland Tveit,
ya cinye hunturu talatin da bakwai a ciki.
Ranar da muka dawo daga binne shi
na shiga, ban kunna fitila ba.
Warin mai da albarushi ya tare ni a ƙofa
kamar shi bai ji labarin rasuwar ba.

Ga ta can jingine, gajeruwa,
ƙotarta ta yi baƙi inda kuncinsa ke kwanciya.
Ba madubin hange, ba ado,
sai zoben ƙarfe a ƙarƙashi, mazurin yatsu uku:
ka tura ƙasa, ta tofar da kwanso,
ka jawo sama, ta haɗiye sabo.
Ƙwas-ƙwas.
Na san wannan sauti tun ban san baƙi ba.

Cimarta ɗaya da ƙaramar da ke ƙugunsa.
"Baki biyu, akushi ɗaya," in ji shi,
"wanda ke bin shanu a kan doki
ba shi da lokacin laluben aljihu biyu."

Bai taɓa sayen harsashi a kanti ba.
'Yan dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota
yake narkawa, ya zuba a mazubi.
Kwanson tagulla ya tsince a ciyawa,
ya wanke, ya duba bakinsa a hasken taga,
mai tsaga ya yi masa ritaya.
Albarushi kuwa sai a sikeli,
rediyo a kashe, kare a waje,
ni ma in na yi tari sai ya harare ni.

A kan teburin na tarar da kwali,
hamsin a jere kamar haƙora,
da rubutunsa da ya fara gangarewa:
Na Sigrun. Disamba.

Hollis Braaten ya zo da yamma mayar da sarƙar tarakta.
Ya juya kwalin, ya daɗe bai ce komai ba.
"Kar ki harba su.
A Disambar nan sau biyu ya kira ni
da sunan ƙanensa da ya rasu tun muna samari."

Kwana uku ban gaishe shi ba.
Wane ne shi da zai tuhumi hannun
da bai taɓa kuskuren ƙwaya ɗaya ba?

A na huɗu na zauna kan kujerar,
na kashe rediyo, na kori kare.
Ɗaya bayan ɗaya na zare musu kai,
na juye cikinsu a sikeli.
Arba'in da huɗu, cif,
allura ko gezau ba ta yi ba.
Biyar, wayam, ba komai.
Ɗaya kuwa ya ci rabon biyu:
wanda zai tsaga ƙarfe ya tafi da yatsuna,
ƙila da idon da nake auna saiti.

Ban yi kuka a maƙabarta ba.
Nan na yi, a kan ɗan tulin baƙin gari,
ina ganinsa zaune cikin sanyi,
ya zuba, ya manta, ya sake zubawa,
duk don kada in rasa.

Na cika arba'in da tara da hannuna,
kowanne awo biyu.
Da safe na jera gwangwanaye kan shinge,
taku saba'in, iska na dukan kunnen hagu.
Na fari ya tashi ƙanƙara, can gefe.
Na biyu ya sa gwangwani tsalle.
Ƙwas-ƙwas.
Kwanson ya faɗa dusar ƙanƙara, ya huda ta da zafinsa,
na durƙusa na tsince, don haka aka koya mini.

Na hamsin yana kan taga, fanko.
Gobe zan kai wa Hollis burodi.