Mai Riƙon Makulli

Makullin ya fi tafin hannuna tsawo,
baƙin ƙarfe ne, sanyinsa har ƙashi.
Shekara talatin da ɗaya ina murɗa shi,
ni Hester Garrod, kafin hankaki su gama gardama
a kan hasumiyar Thornsey, gari na wayewa.

Ƙofar kudu ita ce babbar yaya.
Bakanta zagaye kamar rabin wata,
an sassaƙa mata haƙora a jere.
Aikin Normawa ne, in ji masu karatu,
shekara ɗari tara, ko kusa da haka.
Ni dai na san nishin da take yi wurin buɗewa.

Bango kuwa tsakuwar gona ce.
Ba mu da dutsen kirki a ƙasar nan
sai ƙanƙarar da garma ke tonowa.
Mata da yara suka tsinto a kwanduna,
aka kwaɓa farar ƙasa, aka jera;
sunan ko ɗayansu ba a samu rubutawa.

Da tumaki suka yi albarka, ulu ya yi kuɗi,
Hamo Thurkell ya tuna akwai lahira.
Ya fasa bangon arewa, ya ƙara shirayi,
ya sa tagogi masu tsini, dogaye,
don haske ya shigo ya ga kyautarsa.
Ga shi nan kwance cikin tagulla a daɓe,
ƙafafunsa bisa tunkiya, hannuwa a haɗe.
Takalman jikokin makiyayansa
sun cinye masa hanci da takawa.

Ɗaga kai ka dubi hasumiya.
Dutse ya hau, ya hau, sai ya tsaya cak:
shekarar annoba ke nan.
Magina sun sauko da yamma, ba su koma ba.
Sai da jikoki suka yi furfura
aka ƙarasa da jan bulo,
tabon na nan, ba ya son ɓoyewa.

Daga baya sarki ya ɓata da Roma.
Aka zo da guduma, aka zo da tsani,
mala'iku goma sha biyu na jikin rufi
aka bar musu fiffike, aka ɗauke fuska.
Aka shafe bango fari fat,
kowa ya koyi addu'a da harshen uwa.

Bara da hunturu darma ta tsage.
Ina jan bokiti ƙarƙashin yoyo
sai farar ƙasa ta ɓantaro a kafaɗata.
Na duba. Ƙafa!
Ƙatuwar ƙafa ja, tsundum cikin kogi,
kifi biyu na zagaya ta.
Wata mata ta zo daga Norwich da 'yar wuƙa,
wata huɗu tana kankarewa:
ƙato ne da sanda, yaro a wuyansa,
tun zamanin guduma yake tsakiyar ruwa,
bai ajiye yaron ba, bai gama hayewa.

Ranar Lahadi mu tara ne.
Rabaran Imogen Sayle na da ƙauye shida,
tana shigowa da taɓo a takalmi,
tana duba agogo kafin albarka.
Jemagu sun fi mu yawa, doka na kare su.
Denzil, mijina, na waje ƙarƙashin tsohon itace;
shi ya ja ƙararrawa ranar aurenmu,
igiyar ta fi shi daɗewa.

Gwiwata ta fara ƙin matakala.
Jiya Tamsin, 'yar mai gyaran tarakta,
ta ce in ba ta ta gwada.
Hannu biyu ta sa, ta cije leɓe,
makulli ya ƙi, ya ƙi, sannan ya juya.
Ƙofa ta yi nishinta.
Yarinyar ta wuce ni, ta tsaya gaban ƙaton,
ta ce, “Wa ya zana kifin? Ɗaya na dariya.”
Na ce ban sani ba.
Na bar mata makullin tana juyawa.