Zaure a Tafin Hannu

Shekara talatin Kawu Mutawakilu yana dillancin ɗakuna
daga Aboabo har Asawase,
makullai a aljihun hagu, goro a na dama.
Ranar da gwiwa ta hana shi hawan tudun Tafo
ya dire littafinsa a gabana, bangonsa duk maiƙo,
ya ce, Zuwaira, zuba mini wannan a waya.

Na zuba.
Hotuna masu nauyin buhun masara,
rubutu na gudu, tuta na kaɗawa,
har kiɗa na sa, don a san na yi karatu.
Da dare na duba ƙidayar masu shigowa:
saba'in sun leƙo,
saba'in sun juya ƙofa ba ta gama buɗewa ba.
Wa zai ƙona datar sidi biyar
yana kallon da'ira tana juyi?

Kawu bai san intanet ba, amma ya san baƙo.
Ya ce, ba a barin mai sallama a rana.
Shimfiɗa tukuna, sai ruwa.
Ba ka tambayar sunan kakansa bai zauna ba.
Sai na tuna takardar da na kafa a bakin shafi,
suna, lamba, adireshi, sana'a,
kamar shingen 'yan sanda a hanyar Tamale.
Na tumɓuke ta.
Na sauke wa hotuna kaya, na kashe kiɗan,
na bar tambaya biyu kacal:
wace unguwa, nawa ke hannunka?

Nan muka saɓa.
Ya ga wani gida a shafin wasu, da tafkin wanka da dabino,
ya ce a ara, ai tallan rake da zaƙi ake yi.
Na ce, Kawu, ramin ƙarya ƙurarre ne,
wanda ya biya torotoro ya zo
ya tarar da kwata a ƙofar ɗaki,
ba ya dawowa, kuma ba ya yin shiru.
Kwana biyu ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Na ɗauki waya na bi gidajen da ƙafa.
Famfon tsakar gida, da ranakun da yake kawo ruwa.
Mita, ta ɗaki ce ko ta gayya.
Layin da ambaliya ta bari a bango,
na ɗauke shi yadda yake, ban shafe ba.
Kuɗin gaba na shekara nawa, ƙarara, da manyan lambobi.
A taswira ban tsaya ga sunan titi ba,
na rubuta: bayan mai waake, kafin injin niƙa.

Wani dare wuta ta ɗauke, sauran caji kaɗan,
na ga mutum ɗaya a shafin.
Ƙarfe biyu saura.
Ɗaki da falo a Sawaba, hoto na huɗu,
taga ce kawai, da reshen mangwaro.
Minti goma sha ɗaya.
Ya fita, ya dawo.
Na riƙe numfashi kamar mai tsoron tashin tsuntsu.

Da hantsi wayar Kawu ta yi ƙara.
Sunanta Sharifatu, ungozoma ce, an yi mata canjin aiki daga Wa.
Ba ta nemi ragi ba.
Ta ce, layin nan na bango, bara ne ko bana?
Kuma tagar, gabas take kallo?
Mai aikin dare tana son sanin inda rana za ta same ta.

Kawu ya rufe bakin wayar da tafinsa,
ya dube ni ta saman tabarau.
Gabas ne?
Na ce ban sani ba.
Ya miƙo makulli daga aljihun hagu:
je ki duba, ki ƙara a shafin.